Dalilin Launi: Bitar Littafin J. D. Lee Kan Ƙarafan Tsakiyar Jadawali

Duk ɗalibin da ya zauna jarrabawar kemistiri ta WAEC ko NECO a Katsina ya haddace wannan: in aka ɗiga ruwan amoniya cikin ruwan gishirin jan ƙarfe, gudaji shuɗi mai haske zai kwanta a gindin kwalbar gwaji, in aka ci gaba da ɗigawa, gudajin ya narke, ruwan ya rikiɗe ya zama shuɗi mai duhu. In gishirin baƙin ƙarfe ne, gudajin kore ne ko ruwan tsatsa, kuma ba ya narkewa ko an tuttula masa amoniyar. In na tutiya ne, fari ne, ya narke ya bar ruwa garau. Yara na rera wannan da ka, su ci maki, su wuce. Kaɗan ne daga cikinsu ake gaya wa dalili. Me ya sa jan ƙarfe ya yi shuɗi a ruwa, alhali ja ne a hannun maƙeri? Me amoniya ta yi masa har shuɗin ya ƙara duhu? Me ya hana tutiya launi, ga ta kuwa ƙofa da ƙofa da jan ƙarfe a jadawalin sinadarai, ita lamba 30, shi lamba 29?

A cikin littattafan da ke hannun ɗalibanmu, ban ga wanda ya tsaya ya amsa waɗannan tambayoyi da haƙuri kamar Concise Inorganic Chemistry na J. D. Lee ba. Lee ya koyar a Jami'ar Loughborough da ke Ingila. Littafin ya fara fitowa a 1964, aka yi ta sabunta shi har bugu na biyar a 1996, kuma wannan bugun ne ya fi yawo a jami'o'in Najeriya: wani na da shi da bangonsa, wani ya ɗauki hoton babi biyu ko uku a shagon kwafi, da yawa kuma a cikin waya suke karanta shi. Ya haura shafi dubu, don haka ba duka zan taɓo ba. Abin da na sa a gaba shi ne babi na 7, wanda ya yi bayanin haɗaɗɗun ayon, da babi na 18 zuwa na 28, inda ya bi ƙarafan tsakiyar jadawali gida-gida tun daga gidan sikandiyam har gidan tutiya, sai babi na 32 a can ƙarshe, mai magana kan yadda waɗannan sinadarai ke shan haske.

Katsina ba baƙuwar wannan fanni ba ce. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua kemistiri ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi digiri na biyu a fannin tantance sinadarai, ya kuma riƙe alli a aji kafin ya shiga kasuwanci da siyasa. Jami'ar da aka kafa a 2006 yana gwamna, wadda yau take ɗauke da sunansa, tana yaye masu digirin kemistiri. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. Daga waɗannan wurare malaman sakandaren jihar ke fitowa, kuma iyakar abin da suka fahimta daga littafi irin wannan shi ne zai isa aji a Jibiya ko Kankiya ko Mani. Shi ya sa nake ganin littafin ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau.

Lee ya buɗe babi na 7 da wani abin mamaki na ɗakin gwaji. Akwai gishiri biyu da za su daskare tare su zama ƙwaya ɗaya, amma da an jefa su a ruwa sai kowa ya kama gabansa. Alam, wanda ake jefawa a ruwan rijiya ya kwantar da laka, irin wannan ne: narkar da shi ka gwada, za ka sami fotasiyam, ka sami alminiyam, ka sami salfet, kowanne na amsa sunansa. Amma akwai wani gishiri rawaya, fotasiyam ferosiyanaid, wanda a lissafi yana ɗauke da baƙin ƙarfe ɗaya da siyanaid shida. Siyanaid guba ce mai kisa, ita ce ke fitowa daga ɗanyen rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ba. Ka narkar da wannan gishiri, ka yi gwajin neman baƙin ƙarfe, shiru. Ka nemi siyanaid, shiru. Har a ƙasashe da dama ana barbaɗa ɗan mitsitsi daga cikinsa a gishirin miya don kada ya dunƙule. To ina gubar ta shiga? Siyanaid shidan sun kewaye ƙarfen sun riƙe shi, shi ma ya riƙe su, suka zama abu guda mai caji guda, mai hali dabam da na kowannensu. Wannan shi ne haɗaɗɗen ayon. Ƙarfen na tsakiya, masu kewaye da shi kuma ligan ake ce musu.

Daga nan ya kawo Alfred Werner, kuma a nan ne littafin ya fi kwanta mini a rai. An haifi Werner a Mulhouse a 1866, ya yi aikinsa a Zurich ta ƙasar Suwizalan. Masanan zamaninsa suna fama da wasu gishirin kobalt da amoniya masu launi iri-iri, waɗanda ƙa'idar lokacin ta kasa ɗauka. Ɗaya yana da kobalt ɗaya, kulorin uku, amoniya shida, launinsa rawaya mai ruwan goro. Wani amoniyarsa biyar, launinsa shunayya mai ja-ja. Wani kuma amoniyarsa huɗu, kore ne. Aka zuba musu ruwan gishirin azurfa, wanda ke kama duk kulorin da ke yawo a ruwa ya kwantar da shi fari fat. Na farko ya saki kulorinsa uku duka. Na biyu ya saki biyu ya hana ɗaya. Na uku ya saki ɗaya ya hana biyu.

A 1893, yana ɗan shekara 26, Werner ya ce kobalt ɗin nan mazauni shida ne a kewaye da shi, kuma dole a cika su. In amoniya shida ce, ta cike su duka, kulorin uku suna waje. In biyar ce, kulorin ɗaya ya shigo ya zauna a gurbin da ya rage, kuma wanda ya zauna ba ya amsa kiran azurfa. Abin ya yi kama da fada: akwai waɗanda ke zaune gaban sarki a ciki, akwai masu jira a bakin Ƙofar Soro, kuma ɗan aike in ya zo, na bakin ƙofa yake samu. A tuna fa, a 1893 ba a ma gano ilektiron ba, sai 1897. Babu wata na'ura da za ta nuna masa inda atam ke zaune. Da ƙidaya ya yi aikin: awon gudajin da ya kwanta, da awon yadda ruwan kowane gishiri ke wucewa da lantarki, wanda suka yi da abokin aikinsa Arturo Miolati.

Sai tambaya ta biyu: mazaunin nan shida yaya aka jera su? Lee ya kawo ɗan jadawali a nan wanda nake ganin ya kamata kowane malamin kimiyya ya iya zana shi a allo. In a shimfiɗe suke, shida a kewaye, to sinadari mai amoniya huɗu da kulorin biyu zai iya zuwa iri uku. In uku ne a sama da uku daidai ƙarƙashinsu, nan ma iri uku. In kuwa huɗu ne a kewaye, ɗaya a bisa, ɗaya a ƙasa, siffar dala biyu da aka haɗa gindinsu, iri biyu kawai zai yiwu: ko kulorin biyun su zauna kusa da juna, ko ƙarfen ya raba tsakaninsu. Lee ya taƙaita tarihin, amma ya kamata malami ya cike wa ɗalibai shi, domin ba cikin sauƙi aka yarda da Werner ba. Babban abokin jayayyarsa, Sophus Mads Jørgensen na Kopenhagen, wanda da hannunsa ya haɗa da yawa daga cikin sinadaran da Werner ke kafa hujja da su, ya ce ai koren kaɗai aka sani, ina na biyun? Sai a 1907 ɗakin gwajin Werner ya samo shi, ya fito shunayya. A 1911 ya raba wani haɗaɗɗen kobalt gida biyu, ɗaya hoton ɗaya a madubi, abin da siffar dala biyu ta yi hasashensa. Aka ce ai don akwai kabon a cikin ligan ɗin ne. Ya karɓi kyautar Nobel a 1913, a 1914 kuma ya maimaita aikin da sinadarin da babu kabon ko ƙwaya ɗaya a cikinsa.

Ɗalibin da ya bi waɗannan 'yan shafuka da fensir a hannu, ya zana siffofin da kansa, ya ƙirga, ya ga yadda mutum ke kama gaskiyar abin da ido ba ya gani: ka ce in kaza ne, dole in ga kaza, sannan ka koma kwalba ka duba. Ban san wani darasi a kemistirin shekarar farko ko ta biyu da ya fi wannan gyara tunani ba.

Werner ya faɗi inda kowa ke zaune, amma dalilin launi sai da Hans Bethe a 1929 da John Van Vleck a shekarun 1930 suka shimfiɗa hanyarsa. Bayanin Lee a nan a warware yake, mataki-mataki, ba ya tsallake. Ƙarafan tsakiya suna da gurabun ilektiron biyar da ake kira obital d. In ƙarfen na zaune shi kaɗai, biyar ɗin matsayinsu ɗaya. Da ligan shida sun matso, biyu daga ciki suna kallon ligan ido da ido, uku kuma suna ratsa tsakaninsu. Ilektiron ɗin ƙarfe da na ligan suna tunkuɗe juna, don haka zama a biyun nan ya fi wahala: suka hau sama, ukun suka sauka ƙasa. Tazarar da ta buɗe a tsakani ita ce sirrin duka. Allah ya sa girmanta ya zo daidai da ƙarfin hasken da idon ɗan Adam ke gani. Ilektiron ya sha wani yanki na farin haske, ya yi tsalle daga ƙasa zuwa sama, abin da ya saura shi ne launin da ke iso mana.

Misalin da Lee ya zaɓa ya nuna shi gogaggen malami ne. Ya ɗauki titaniyam mai caji uku a ruwa, wanda ilektiron d ɗinsa ɗaya ne tak, don kada wani abu ya rikita lissafi. Yana shan haske a wajen nanomita 500, wato sashen kore, ya bar ja da shuɗi su wuce, ruwan ya fito shunayya. Daga wannan awo guda aka fitar da girman tazarar, kusan kilojul 243 a kowane mol. Da an gane wannan, tambayoyin jarrabawar sakandare sun warware da kansu. Jan ƙarfe a ruwa ƙwayoyin ruwa shida ne ke kewaye da shi, tazarar ƙarama ce, yana shan gefen ja na haske, ya bar shuɗi mai haske. Amoniya ta fi ruwa ƙarfin matsa, ta kori huɗu daga cikin shidan ta zauna, tazarar ta buɗe, shan hasken ya matso wajen ruwan goro da rawaya, shuɗin ya yi duhu. Tutiya kuwa ilektiron d ɗinta goma ne, gurabu biyar sun cika maƙil, babu inda za a yi tsalle a sauka, shi ya sa ruwanta garau. Kobalt da ruwa shida ruwan hoda ne. Kobalt da kulorin huɗu shuɗi ne, domin in ligan huɗu ne tazarar ba ta wuce kashi huɗu cikin tara na ta masu shida. Irin wannan sauyi ne ke sa 'yan duwatsun tsotse laima masu kobalt su koma ruwan hoda in sun sha danshi, su dawo shuɗi in an gasa su.

Tazarar nan kuma ita ke bayanin maganaɗisu. Baƙin ƙarfe mai caji biyu yana da ilektiron d shida. In ruwa ne ligan, tazarar ƙarama ce, sai su bazu sama da ƙasa, huɗu su zauna ba abokin zama, maganaɗisu ya ja sinadarin. In siyanaid ce, tazarar ta yi faɗi, hawa ya gagara, sai shidan su zauna biyu-biyu a gurabu ukun ƙasa, maganaɗisu ya rasa abin ja. Wannan zaman daram shi ne ya sa gishirin nan rawaya ba ya sakin gubarsa. Launi, maganaɗisu, ƙarfin riƙo, duk daga tushe ɗaya. Lee yana sa mai karatu ya ga haka da kansa, ba tare da ya buga masa ganga ba.

A nan nake son in jawo littafin in kawo shi gida, domin Katsina ta daɗe tana wannan kemistiri da hannu. Majemi yana jeme fata da bagaruwa, wadda kwanson 'ya'yanta ke cike da tanin. Baduku in yana son baƙi, kuloko yake ɗaukowa, ruwan da aka tsuma da tarkacen ƙarfe ko kashin maƙera, ya zana shi a kan fatar. Baƙin zanen da ke jikin kuben takobi da jakar fata da kayan dokin hawan Sallah daga nan yake. Kowa zai iya gwada shi a gida. Ka tafasa bagaruwa ka tace, za ka sami ruwa mai launin shayi. Ka daka ƙwayar maganin ƙarin jini guda, irin wadda ake ba mata a wajen awon ciki, ka narkar a wani kofi. Ka ɗiga wannan a cikin wancan. Inda ɗigon ya faɗa za ka ga duhu ya ɓullo yana yaɗuwa, shuɗi-shuɗi da farko, kafin ka girgiza kofin ya zama baƙi. Ka shafa a takarda ka bar shi ya sha iska, zai ƙara yin baƙi ƙirin, domin iska tana ɗaga cajin ƙarfen daga biyu zuwa uku, kuma mai caji ukun ne tanin ya fi kamawa. Ka matsa lemun tsami a ciki, baƙin ya dusashe.

Duk abin da ya faru a kofin nan yana cikin Lee, ko da yake bai san kuloko ba. Tanin yana da atam ɗin oksijin biyu-biyu a jere a jikinsa, waɗanda ke kama ƙarfe a wuri biyu lokaci guda su rufe zobe. Sashen da Lee ya yi kan irin waɗannan ligan masu riƙo biyu ko fiye ya nuna dalilin da ya sa riƙonsu ya fi na ligan biyu masu zaman kansu ƙarfi nesa ba kusa ba: in hannu ɗaya ya saki, ɗayan na riƙe, na farkon ya dawo. Tsananin baƙin kuma ba daga tsallen cikin obital d ba ne, wanda launinsa kan zo da sanyi; a nan ilektiron ne ke tsallakowa daga ligan zuwa ƙarfe, irin abin da ke ba famanganet launinsa mai ƙarfi alhali manganis ɗin da ke cikinsa ba shi da ilektiron d ko ɗaya. Da wannan haɗi na tanin da ƙarfe wasu malamai ke yin tawadar rubutun takarda mai daɗewa. Da irinsa Turai ta yi rubutu ɗaruruwan shekaru. Da shi kuma matan Mali ke rina zanen bogolan, su jiƙa shi a ruwan ganyen marke su zana da laka mai ƙarfe. Kuma shi ne dalilin da ya sa ake ce wa mai ciki kada ta kora maganin ƙarin jini da shayi: tanin ɗin shayi zai kama ƙarfen tun a ciki, jiki ya kasa ɗauka.

Riƙon nan ya ceci rayuka a maƙwabtanmu. A 2010, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, maganin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayar ligan ne mai kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Dalma ba ta cikin ƙarafan tsakiya, amma ƙa'idar ɗaya ce. Masu cutar sikila da ake yawan ƙara wa jini har ƙarfe ya taru musu a hanta da zuciya, su ma irin wannan magani ake ba su.

Babi-babin da suka bi ƙarafan gida-gida sun fi kama da rumbun ajiya, a koma musu lokacin buƙata. Tsarinsu kusan ɗaya ne: inda ake samun ƙarfen, yadda ake tace shi, amfaninsa, cajin da yake ɗauka, sannan haɗaɗɗun ayon ɗinsa. Mutumin Katsina, garin da aka gina wa kamfanin mulmula ƙarafa a farkon shekarun 1980, tare da na Jos da Osogbo, zai sami abin karantawa a gidan baƙin ƙarfe: narka tama, bambancin da ɗan kabon ke kawowa tsakanin ƙarfe mai lanƙwasuwa da mai karyewa, da yadda tsatsa ke cin rodi. A gidan banadiyam zai ga dalilin da ya sa niyobiyam da tantalam ke zama a dutse ɗaya suna wuyar rabuwa, domin girman atam ɗinsu ya kusa zama ɗaya. Su ne ke cikin kolambait ɗin tsaunukan Jos, wanda Najeriya ta yi wa duniya fintinkau wajen fitar da shi a shekarun 1950. A gidan kuromiyam zai gane cewa mai caji uku, wanda masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano ke aiki da shi, dabam yake da mai caji shida da ke jawo ciwon daji, kuma zai san abin da ya kamata a auna in ana maganar ruwan da suke zubarwa.

Sashen da ya yi kan ƙarfen da ke cikin jini gajere ne, amma ya isa ya tayar da mai karatu tsaye. Ƙarfen na zaune a tsakiyar zobe mai naitirojin huɗu, furotin ya riƙe shi ta ƙasa, mazauni na shida kuma an bar wa iskar numfashi. Hayaƙin gawayi da na janareta yana ɗauke da wata iska da ke kama wannan mazauni da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau ɗari biyu ko fiye. Duk sanyin hunturu ana jin labarin iyalin da suka rufe ɗaki da kaskon wuta suka kwana ba su tashi ba. Ligan ne ya ƙwace gurbin ligan. Malamin da ya fahimci wannan ba zai koyar da babi na 7 kamar zancen da bai shafi kowa ba.

Duk da haka littafin na da naƙasu, kuma gara a faɗe su. Na farko, littafi ne da rabin zancensa launi ne, amma baƙi da fari aka buga shi. Lee ya rubuta wa ɗalibin da zai tashi daga laburare ya shiga ɗakin gwaji ya ga abin da idonsa. Ɗalibinmu sau da yawa zai karanta cewa abu kaza shunayya ne, abu kaza kore mai duhu, ya haddace, domin kwalbar ba ta zo ba ko ta ƙare. Da haka littafin da aka rubuta don ya kori hadda marar dalili yakan koma abin haddacewa.

Na biyu, tsufa ya kama alƙalumansa. Ƙididdigar abin da duniya ke haƙowa da narkawa ta farkon shekarun 1990 ce. Yau Sin kaɗai na narka fiye da rabin ƙarfen duniya, Kwango kuma na fitar da kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt, wanda batirin waya da na mota suka mayar abin rububi. Wanda ya kwafi waɗancan lambobi ya zuba a kundin digirinsa kamar na bana ya yi kuskure.

Akwai kuma matsalar jeri. Bayanin launi ya fara a babi na 7, amma cikonsa, inda ake maganar ƙarfe mai ilektiron d biyu ko uku da zane-zanen Orgel, yana babi na 32, bayan an ratsa ɗaukacin jadawali. Na ga ɗalibai da dama da ba su san babin yana nan ba. Sannan ya ba tsohuwar ƙa'idar gauraya obital wuri mai yawa, da rabon haɗaɗɗu zuwa masu obital na ciki da na waje, alhali masana sun daɗe da ajiye ta. Ga shi kuma ita ɗalibai suka fi so, domin zanen akwatuna da kibiyoyi yana da sauƙin kwafa. Abin da ya fi damuna shi ne bai keɓe babi ga saurin sauyi ba, wato me ya sa ligan ɗin jan ƙarfe ke musanya cikin ƙiftawar ido, na kobalt mai caji uku kuma su yi kwanaki ba su motsa ba. Henry Taube, wanda aka ba kyautar Nobel a 1983, ya yi aiki a kan wannan, kuma ba don jinkirin kobalt ba da Werner bai sami damar raba sinadaransa ya ƙirga ba. Mai neman wannan sai ya leƙa wani littafi.

Turancin Lee mai sauƙi ne, jimlolinsa gajeru, ba ya fariya da kalma. Amma Turanci ne, kuma yaron da ya taso daga makarantar gwamnati a Rimi ko Batagarawa yana yaƙi biyu a lokaci guda, na harshe da na ma'ana. Babu abin da ke cikin babi na 7 da Hausa ba za ta iya ɗauka ba. Ina fata wani daga cikin malaman kemistiri na jami'o'i da kwalejojin Katsina ya zauna ya rubuta ɗan littafi mai shafi arba'in ko hamsin a kan wannan babi kaɗai, da Hausa, da hotuna masu launi, ya fara da bagaruwa da kuloko kafin ya kai ga kobalt ɗin Werner.

Kafin a sami hakan, shawarata ga malami da ɗalibi ita ce kada a bi littafin daga bango zuwa bango. A fara da babi na 18 don a san ƙarafan da halayensu na gaba ɗaya, a koma na 7 a zauna a kansa makonni, a tsallaka zuwa na 32, sannan a ɗauki gidan baƙin ƙarfe da na kobalt da na jan ƙarfe. Tambayoyin ƙarshen babi a yi su da biro, domin yawancinsu bayani suke nema, ba zaɓi ba. Mai saye kuma ya duba bango da kyau. Akwai wani bugu na Indiya mai ɗauke da sunan Lee wanda Sudarsan Guha ya gyara don masu shirin jarrabawar JEE ta shiga kwalejojin injiniya a can. An sake masa jeri, an rage, an cika shi da tambayoyin canki-canka. Yana da amfaninsa ga waɗanda aka yi shi dominsu, amma ɗalibin jami'a cikakken bugu na biyar zai nema.